Harajin da ba a ba da rasit: abin da magidantan birni ke kashewa don kare kansu daga gurɓatar muhalli

A shekarun 1990, duk ranar da aka yi hasashen hayaƙin motoci da na masana'antu zai turnuƙe sararin birnin Los Angeles na Amurka fiye da kima, hukumar kula da ingancin iska takan fitar da gargaɗi a jarida. Ba a hana kowa fita, ba a kuma cin tarar wanda ya fita. Wani masanin tattalin arziki mai suna Matthew Neidell ya so ya san ko jama'a na ɗaukar wannan gargaɗi da muhimmanci, amma bai bi gida-gida yana tambaya ba. Gidan namun dajin birnin ya nufa, ya samo lissafin mutanen da suka shiga kowace rana daga 1989 zuwa 1997, ya jera shi kusa da ranakun da aka yi gargaɗi.

Lissafin ya nuna cewa mutane na ji. A ranar gargaɗi masu zuwa kallon dabbobi kan ragu da fiye da kashi 10 cikin 100, kuma yara da tsofaffi, waɗanda gurɓatacciyar iska ta fi yi wa illa, su suka fi ƙaurace wa wurin. Sai dai da Neidell ya sake duba alƙaluman tare da abokin aikinsa Joshua Graff Zivin, sun ga wani abu na daban: idan gargaɗin ya kai kwana na biyu a jere, yawancin mutane sukan fito abinsu. Ɗage fita na yini guda abu ne mai sauƙi, amma zaman gida kwana da kwanaki yana da tsada, kuma ba kowa ke iya biya ba.

Wannan bincike ɗaya ne daga cikin ɗaruruwa a wani fanni na ilimin tattalin arziki da ke nazarin yadda iyalai a birane ke yi idan iskar unguwarsu ta ɓaci, ko ruwan famfonsu ya gurɓata, ko ambaliya ta saba kai musu ziyara. Abin da ya haifi fannin shi ne iska mai tsabta ba ta da rumfa a kasuwa, ba ta da farashi. Gwamnatin da ke tunanin kashe biliyoyi wajen gyara matatar ruwa, ko tilasta wa masana'anta ta tace hayaƙinta, tana buƙatar sanin darajar abin a wurin jama'a. Idan aka tambayi magidanci nawa zai biya don iskar unguwarsu ta gyaru, zai iya faɗin duk adadin da ya zo bakinsa, tunda ba a aljihunsa za a cira ba. Shi ya sa masanan suka koma bin sawun abin da mutane suka aikata da kuɗinsu da lokacinsu: me suka saya, ina suka fasa zuwa, nawa aka rage a farashin gida, wa ya tashi daga unguwa, wa ya zauna.

Sawun da ya fi saurin bayyana shi ne na sayayya. Graff Zivin da Neidell da Wolfram Schlenker sun samu lissafin cinikin wasu manyan kantuna a arewacin Kalifoniya da Nebada, suka kwatanta shi da lokutan da aka sanar cewa ruwan famfon wani gari ya saɓa ƙa'ida. Idan ƙwayoyin cuta ne aka samu a ruwan, cinikin ruwan gora kan ƙaru da kashi 22 cikin 100. Idan sinadarai ne, kashi 17. Sun ƙiyasta cewa a 2005 kaɗai Amurkawa sun kashe kimanin dala miliyan 60 a kan ruwan gora saboda irin waɗannan sanarwa. Kuɗi ne da ba zai taɓa fitowa a lissafin asibiti ba, domin wanda ya sayi ruwan bai kwanta ciwo ba. Mai ƙirga ɓarnar gurɓataccen ruwa da yawan marasa lafiya kaɗai ya bar babban kaso a baya.

Labarin ƙasar Sin ya fi wannan nauyi. Tun daga shekarun 1950 gwamnati ta ja layi a tsakiyar ƙasar, tana bin kogin Huai da tsaunukan Qinling. Biranen da ke arewa da layin aka riƙa ba su kwal kyauta ko da rangwame don ɗumama gidaje da ofisoshi lokacin sanyi, na kudu kuwa ba su samu ba. An yi haka ne da kyakkyawar niyya, don sanyin arewa na kisa. Amma kwal na zuwa da hayaƙinsa. Wani bincike na 2017, wanda Michael Greenstone na Jami'ar Chicago ke cikin waɗanda suka yi shi, ya gano cewa ƙananan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi a iskar arewacin layin sun fi na kudu da kashi 46 cikin 100, kuma hakan ya rage wa mazauna can shekara 3.1 a matsakaicin tsawon rai.

Ga mai bincike, wannan layi dama ce da ba a cika samu ba: birane biyu maƙwabta, mutane iri ɗaya, arziki kusan ɗaya, amma iska daban. Koichiro Ito da Shuang Zhang suka tattara cinikin na'urorin tace iska na cikin ɗaki a birane 80 daga 2006 zuwa 2014. Akwai na'urori masu matata ta musamman da ke kama ƙananan ƙwayoyin nan, akwai waɗanda ba sa kamawa, kuma na farkon sun fi tsada. Da aka tsallaka layin zuwa arewa, kason masu sayen mai tsadar sai ya yi sama. Daga wannan bambanci suka lissafa cewa matsakaicin gida a shirye yake ya biya kusan dala 33 a shekara don rabuwa da ƙarin hayaƙin da tsarin kwal ya jawo.

Dala 33 a gefe guda, shekara uku na rayuwa a ɗaya gefen. Wanda ya karanta wannan da gaggawa zai ce mutanen ba su damu da ransu ba. Binciken da kansa ya nuna ba haka ba ne: masu samu da yawa sun fi biya nesa ba kusa ba, kuma adadin ya ƙaru bayan 2013, lokacin da kafafen labaran ƙasar suka fara maganar gurɓatar iska a fili. Ƙarfin aljihu da sanin haɗarin su ne ke tuƙa lissafin.

Wani sawun yana cikin farashin gidaje. Janet Currie da abokan aikinta uku sun bi tarihin buɗewa da rufewar masana'antu 1,600 masu fitar da guba a Amurka, suka wallafa sakamakon a 2015. Idan irin wannan masana'anta ta buɗe, darajar gidajen da ke cikin tazarar mita 800 daga gare ta kan faɗi da kimanin kashi 11 cikin 100. Sun kuma duba takardun haihuwa, suka ga yiwuwar haihuwar jariri marar cikakken nauyi ta ƙaru da kashi 3 cikin 100 har zuwa tazarar kilomita 1.6. Abin lura a nan, kasuwar gidaje ta fi jin abin a inda ido ke ganin bututun hayaƙi, hanci ke jin wari, alhali gubar ta wuce nan. Dillali da mai saye suna ciniki a kan abin da suka gani. Jaririn da ke ciki yana shaƙar abin da ba su gani ba.

Idan farashi ya faɗi, su wa ke shigowa? Amsar tana rubuce a taswirar biranen Ingila. An daɗe da lura cewa a Landan da Manchesta da wasu birane da dama, unguwannin talakawa sun fi yawa a gabas. Stephan Heblich da Alex Trew da Yanos Zylberberg sun ɗauko tsofaffin taswirori na wajejen 1880, suka gano wuraren bututun hayaƙin masana'antu kimanin 5,000 a birane 70, sannan suka lissafa inda iska ke kai hayaƙin. A Ingila iska ta fi kaɗowa daga yamma zuwa gabas. Masu hali suka koma yamma, ma'aikatan ƙarfi suka tare a inda hayaƙin ke sauka saboda nan haya ke da sauƙi. An kafa dokokin tsabtace iska a 1956 da 1968, hayaƙin kwal ya tafi, amma binciken, wanda ya fito a 2021, ya nuna yawancin unguwannin da suka fi shan hayaƙi a wancan zamani har yau su ne a baya. Makarantu da gine-gine da sunan unguwa sun riga sun bi sawun hayaƙin, ba su kuma tashi da tashinsa ba.

Garin Flint na jihar Mishigan a Amurka ya ga irin wannan cikin 'yan shekaru kaɗan. A Afrilun 2014, don rage kashe kuɗi, hukumomi suka daina sayen ruwa daga Detroit suka koma jan ruwan kogin Flint, ba tare da zuba sinadarin da ke hana bututu zaizayewa ba. Ruwan ya ci tsofaffin bututun, gubar dalma ta shiga kofin shan yara. Hausawa sun san wannan guba tun da ta ɓulla a ƙauyukan Zamfara a 2010. A Flint an koma ruwan Detroit a Oktoban 2015, an kashe fiye da dala miliyan 400 wajen gyara. Duk da haka Peter Christensen da David Keiser da Gabriel Lade sun gano cewa darajar gidajen garin ta ragu da dala miliyan 520 zuwa 559, kuma har Agustan 2019, wata 16 bayan an ce ruwan ya gyaru, farashin bai farfaɗo ba. Ga iyali mai ƙaramin ƙarfi, gida shi ne duk abin da aka tara. An sa musu guba a ruwa, sannan aka rage musu dukiyar da za su sayar su gudu.

To shin sanar da mutane gaskiya na canja wani abu? A Gurgaon, kusa da Delhi a Indiya, Jyotsna Jalan da E. Somanathan sun gwada ruwan sha na gidaje kimanin 1,000 da wani kayan gwaji mai arha. Sun faɗa wa wasu gidajen sakamakon, wasu ba su faɗa musu ba, kuma ƙuri'a ce ta raba. Bayan mako takwas, a cikin gidajen da ba sa tace ruwa a da, waɗanda aka gaya wa cewa ruwansu na ɗauke da ƙwayoyin cutar bahaya sun fi sauran fara tafasawa ko tacewa da maki 11 cikin 100. Ba a ba su ko sisi ba, labari kawai aka ba su. A Sin ma, da gwamnati ta fara wallafa ma'aunin iska na kowace sa'a a ɗaruruwan birane daga 2013, Panle Jia Barwick da abokan aikinta sun ga cinikin na'urorin tace iska ya yi tsalle, mutane sun fara zaɓen ranar fita sayayya, kuma mace-macen da gurɓatar iska ke jawowa sun ragu.

Sani yana da amfani, amma ɗan'adam mai mantuwa ne. Justin Gallagher ya nuna cewa a Amurka masu yankar inshorar ambaliya kan ƙaru da kimanin kashi 9 cikin 100 bayan ruwa ya ci gari, sannan adadin ya riƙa zamewa har ya koma yadda yake cikin kimanin shekara tara. Wasu masu bincike huɗu kuma sun yi amfani da hotunan hasken lantarki da tauraron ɗan'adam ke ɗauka da dare, suka bi manyan ambaliyoyi 53 da suka shafi birane fiye da 1,800 a ƙasashe 40 tsakanin 2003 da 2008. Unguwannin kwari sun fi shan ruwa, amma da ruwa ya janye fitilunsu kan dawo kamar yadda suke, harkoki ba sa komawa tudu. Wanda ya ga yadda aka koma gidaje a Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024, ko a unguwannin bakin kogi a Yamai bayan ambaliyar 2020, ba zai yi mamaki ba. Ba taurin kai ba ne. A nan filin yake, a nan kasuwa da dangi suke, kuma fuloti a tudu sai mai kuɗi.

Binciken da ya fi kusa da rayuwar mai karatu an yi shi ne a Najeriya, kuma ya kusa shekara arba'in. A 1987 Dale Whittington da Donald Lauria da Xinming Mu suka je Anacha don gano yadda birni mai mutum kusan 700,000 ke shan ruwa alhali famfon gwamnati bai kai ga yawancin gidaje ba. Sun tarar da cikakkiyar kasuwa: rijiyoyin burtsatse masu zaman kansu kimanin 20, tankokin ruwa kimanin 275 da ke saye a wurinsu, masu tankunan ajiya da ke sayarwa bokiti-bokiti, da masu ɗauka a kafaɗa zuwa ƙofar gida. A kowane mataki farashi na hawa, don haka wanda ke saye kaɗan-kaɗan, wato talaka, shi ke biyan mafi tsada a kan kowace lita.

Alƙaluman sun girgiza masu tsara manufofi. A lokacin rani, gidajen talakawa na kashe kimanin kashi 18 cikin 100 na abin da suke samu a kan ruwa, masu hali kuwa kashi 2 zuwa 3. Kuɗin da mutanen Anacha ke ba masu sayar da ruwa a shekara ya ninka fiye da sau biyu abin da ake buƙata don gudanar da tsarin famfo da kula da shi. Kafin nan ana yawan cewa talakan Afirka ba zai iya biyan kuɗin famfo ba, shi ya sa hukumomin ruwa ba sa samun kuɗin faɗaɗa bututu. Anacha ta nuna cewa yana biya tuntuni, yana ma biyan fiye da kima, a kan ruwan da ba wanda ya gwada tsabtarsa. A Katmandu ta ƙasar Nepal, Subhrendu Pattanayak da abokan aikinsa sun samu makamancin haka a gidaje 1,500: abin da iyali ke kashewa wajen ɗiba da ajiya da tafasa da sayen ruwa ya kai kusan ninki biyu na takardar kuɗin da hukumar ruwa ke kawo musu.

Nan ne ya kamata a yi hattara da waɗannan lissafe-lissafe. A 2015 Greenstone da Kelsey Jack sun yi tambayar da ke damun fannin: me ya sa a ƙasashe matalauta, inda gurɓatar muhalli ta fi kisa, ake samun mutane na biyan kaɗan don guje mata? Daga cikin amsoshin da suka kawo, na farko shi ne talauci da kansa. Mai naira dubu a hannu da yara biyar a gida, abinci zai saya kafin matatar ruwa. Akwai kuma rashin sanin haɗari, da rashin hanyar samun rance, da rashin takardar mallakar fili, wanda ke hana mutum zuba kuɗi a gidan da za a iya tashinsa gobe. Ma'aunin abin da mutum zai iya biya yana auna aljihu ne, ba ya auna zafin ciwo. Idan gwamnati ta ɗauke shi ido rufe, za ta kammala cewa ya fi riba a gyara unguwar masu kuɗi a bar ta talakawa da bola, kuma wannan zalunci ne ko da an yi masa ado da alƙaluma.

Akwai kuma abin da kariyar gida-gida ba ta iya yi. Na'urar tace iska na tsare ɗaki ɗaya ne. Ba ta bin ɗan acaɓa kan titi, ba ta bin mai talla. Rijiyar burtsatse na ceton gida ɗaya, amma idan kowane mai hali ya haƙa tasa, waɗanda ake jin muryarsu a ofisoshin gwamnati sun daina damuwa da ko famfo ya kawo ruwa. Janareta kuwa, da shi ake maganin rashin wuta, da shi kuma ake ƙara wa maƙwabci hayaƙi. Rahoton Bankin Duniya na 2020 ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta jawo mutuwar mutum kimanin 11,200 a Legas a 2018, kashi 60 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, da asarar dala biliyan 2.1, kuma ya lissafa janareta tare da motoci da masana'antu a cikin manyan dalilai. A Fatakwal, daga ƙarshen 2016 baƙar toka ta fara sauka a kan rufi da tufafi da huhun jama'a, kuma abin da magidanci zai iya yi bai wuce rufe taga da yawan shara da sayen magani ba.

A biranen arewa wannan haraji yana da sunaye da kowa ya sani: kurar 'yan garuwa da safe, buhun ruwan leda, alif da ake jefawa a randa, maganin sauro saboda kwatar da ta toshe, kuɗin kyamis idan yaro ya kama gudawa ko tarin hunturu ya haɗu da hayaƙin bola. A Kano, mazauna kusa da Challawa da Sharaɗa da Bompai sun daɗe suna zaune da ruwan da majemu da sauran masana'antu ke saki, kuma dillalan gidaje sun san bambancin haya tsakanin layin da wari ke kaiwa da wanda ba ya kaiwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sanin nasa ba ya shiga kasafin kuɗi sai an mayar da shi lissafi.

Kayan wannan lissafi suna nan a hannun 'yan garuwa da dillalai da masu kyamis da ma'aikatan asibitocin unguwa. Sassan nazarin tattalin arziki a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna da ɗaliban da za su iya tattara su, a fito da adadin abin da kowace unguwa ke kashewa a wata don kare kanta, a ajiye shi kusa da kuɗin da gyaran zai ci. Hukumomin ruwa da na muhalli na jihohi kuma su riƙa gwada ruwan rijiyoyi da na 'yan garuwa da iskar manyan mahaɗun tituna, su karanta sakamakon a rediyo da Hausa kowane mako, unguwa-unguwa, da sunanta.